Muryoyin da Na Goge

Zuwa ga Baban yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da yara da Inna. Yaya ƙafar Inna? Ka sa ido ka ga tana shafa maganin nan, don na san halinta, sai ta ajiye shi a kan taga tana jiran ya yi aiki daga can. Yaya shago da jama'arsa? Na ga hoton Auta da ka turo. Kitson da ka yi mata, Allah ya ba ka ladan niyya, amma don girman Allah ka kai ta wurin maƙwabciya kafin ta je makaranta da shi.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali jiya muka yi waya. Abin da ke bakina ba na waya ba ne. Ɗakunan nan namu na ɗalibai, in ka yi tari na kusa da kai ne zai ce maka sannu, ga shi da na yi sallama yara ke fizge wayar daga hannunka. Kuma na san kaina, in na fara da baki kuka ne zai ƙwace maganar. Shi ya sa na rubuta na ba direban da ke zuwa wajenku.

An ɗage ranar da zan kare kundin digirina. Ba ɗagewa irin ta kullum ba, ta Farfesa mai kula da aikina ya yi tafiya ko ɗakin taro bai samu ba. Zargina ake yi da ƙirƙirar bayanai. Wai hirarrakin da ke cikin kundin ban yi su ba, zama na yi a ɗaki na tsara su da kaina.

Bari in tuna maka aikin, don na lura duk lokacin da nake ba ka labarinsa kai kawai kake gyaɗawa, hankalinka na can kan taya da batir. Hira na yi da malaman makarantun kuɗi a kan yadda ake sa su ƙara wa yara maki. Wani mai makaranta zai kira malama ofis ya ce ɗan wane ba zai faɗi ba. Wani ma ba ya magana, takardar sakamakon kawai zai yi ta mayar mata har ta gane karatun. Babu mai faɗin irin wannan da sunansa, don a bakin aikinsa zai faɗa. Saboda haka kafin in fara sai da na je gaban kwamitin da ke ba da izinin bincike, suka gindaya mini sharaɗi: kada sunan mutum ya fito, kada na makaranta ya fito, kuma da zarar na kwafe magana a rubuce in goge muryar. Haka na karanta wa kowa kafin in kunna rikoda, haka kuma na yi. Ina gama kwafewa nake gogewa, har ina jin daɗin na sauke alkawari.

To, malamin da aka ɗauko daga wata jami'a don ya duba kundin ya rubuto cewa malaman nan duk bakinsu ɗaya, sai ka ce mutum guda ne yake sauya riga. Ni kuma da na sake karantawa, wallahi na ga abin da ya gani. Ka san shekarun da na yi a aji da jan biro a hannu. Da na zo kwafewa, mai in'ina na share masa, mai maimaita magana na rage masa, wanda jimlarsa ta karkace na miƙe masa ita. Garin neman gira ke nan na rasa ido. Ban ƙara wa kowa abin da bai ce ba, ni dai ban so a karanta a ce malamai ba su iya magana ba.

Yanzu an miƙa ni ga kwamitin ladabtarwa, kuma abin da suka fara tambaya shi ne muryoyin. Kafin a zauna an dakatar da katina na shaidar ɗaliba. Jiya na je ɗakin karatu mai tsaron ƙofa ya mayar da ni, mutumin da kullum muke gaisawa har ya san sunan Auta. Kansa a ƙasa ya faɗa mini, har ni ce na koma ba shi haƙuri.

Na gaji, Baban yara. Ba tsoro ne ya fi yawa ba, gajiya ce. Kada ka gaya wa Inna komai tukuna, ka ce an ɗage kawai. Ka shafa mini kan yara, ka ce wa babban ya rage yawon ƙwallo.

Taka har kullum,
Maman yara

*

Baban yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ɗawainiya, Allah ya saka maka da alheri. Saƙonka ya iso, na gode, har da takalmin da ka ce na shiga gaban manya ne. Ya matse ni kaɗan, amma na sa. Yaya zazzaɓin na tsakiyan? In ya ƙi shan magani kada ka lallashe shi, ka kira Inna, kallo ɗaya za ta yi masa.

An yi zaman farko. Wani dogon ɗaki ne a bene, da tebur mai sheƙi da fanka mai kuka kamar ana yi mata dole. Suna jere a can gefe kowa da robar ruwa a gabansa, ni kaɗai a nan gefe ba ko kofi. Shugabansu wani dattijo ne mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya rataye a wuya. Ba mugu ba ne, har sannu da zuwa ya yi mini. Ya buɗe littafin dokokin ɗaliban manyan digiri ya karanto mini cewa wajibi ne ɗalibi ya adana asalin bayanan bincikensa na wasu shekaru bayan ya gama, don duk wanda ya yi shakka ya duba. Ni kuma na miƙa masa takardar izinina wadda ta ce in goge. Suka zagaya da ita hannu zuwa hannu, kowa ya karanta ya taɓe baki ya miƙa gaba. Da ta dawo sai ya ce wannan ta wancan kwamitin ce, ba huruminsu ba ne.

Na sauko na tafi wancan kwamitin. Sakatariyarsu ta ce ai suna nan a kan takardarsu, daidai na yi, amma ba za su sa baki a shari'ar da ba tasu ba. Na ce ko layi biyu su rubuta. Ta ce sai sun zauna, kuma ba ta san ranar zama ba. Tsakanin ofisoshin nan biyu, hawa da sauka, na kusa cinye takalminka. Doka ɗaya ta ce goge, ɗaya ta ce ajiye, duka biyun da hatimin jami'a ɗaya, ni ce kawai mai laifi a tsakiya.

Farfesa, mai kula da aikina, shi ya fi ba ni tausayi da haushi a lokaci guda. Shi ya sa hannu a takardun nan duka biyun bai taɓa lura suna karo da juna ba. Na same shi a ofis cikin tarin kundaye, ya cire hula ya ajiye a gwiwa, ya ce shi ya yarda da ni ɗari bisa ɗari, amma yardarsa ba hujja ba ce. Ya kusa ritaya, ba ya son ƙura. Ban ga laifinsa ba.

Mafita ɗaya 'yan kwamitin ladabtarwa suka ba ni. In kawo wasu daga cikin malaman su tsaya gaban kwamiti su ce lallai an yi hira da su, kuma abin da ke rubuce nasu ne. Na roƙi a yi ba tare da suna ba, dattijon ya ce shaida marar suna ba shaida ba ce, dole a rubuta sunan mutum da wurin aikinsa a bayanan zama. Ya ce ai sirri ne, ba ya fita. Ni kuwa labarina da aka ce sirri ne har mai sayar da shayi a bakin ƙofar sashenmu ya yi mini jaje.

Ga wani abu kuma. Akwai wani a cikinsu, mai zoben azurfa, wanda duk zaman bai ce uffan ba sai da aka zo nan. Ya gyara zama ya tambaye ni ta wane ɓangaren gari makarantun suke. Na ce ba zan iya faɗa ba. Da na fito wata abokiyar karatuna ta ja ni gefe ta ce matarsa ce mai wata babbar makarantar kuɗi. Da ta faɗi sunan makarantar sai na gane dalilin tambayarsa, don na yi hira a can, kuma maganganun da suka fi zafi a kundin daga can suka fito. Na je na sanar da shugaban a ofis. Ya ce in ina son a cire mutum daga kwamiti sai in rubuta dalili, wato in rubuta da hannuna cewa na yi hira a makarantar matarsa. Ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na ce masa na fasa.

Ban san abin da zan yi ba. Abinci ma turawa kawai nake yi. Ka ci gaba da yi mini addu'a, ka gaishe da Inna da kyau.

Matarka mai kewarku,
Maman yara

*

Baban yara,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, kuma na tsakiyan ya warware sarai. Na karanta amsarka har ta fara yagewa a lanƙwasa. Ka ce in kira malaman in gaya musu halin da nake ciki, mai so ya zo, ba dole. Ka ce shekarun da yara suka yi suna ganina a hutu kamar baƙuwa su ma alkawari ne. Na ji zafin maganar, don gaskiya ce. Ban yi fushi ba, kai ka ɗauki kayan, kai ka san nauyinsa.

Ban kira kowa ba, amma wata ta kira ni. Malamar lissafi ce, a makarantar nan ta matar mai zobe da na gaya maka. Mace ce ƙarama mai yawan dariya, mijinta ya daɗe a kwance ba lafiya, ita ke riƙe da gida. Ta bugo ne ta ji ko na zama Dakta ta yi mini barka, ni kuma bakina ya suɓuce na gaya mata komai. Ba ta ko bari na ƙarasa ba ta ce za ta zo. Ta ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma ba za a ce na yi ƙarya ba alhali ba a taɓa sauraronta kamar ranar da muka yi hira ba. Na gaya mata batun mai zobe. Ta ce Allah na nan. Ni kuwa na ce to. Ina so ka sani na ce to, kuma har barci na yi mai daɗi a kan wannan to ɗin.

Ranar zama ta zo da sassafe cikin kayanta na fita, ta nemi izini a wurin aiki da sunan za ta kai mijinta asibiti. Muka zauna a benci a bakin ɗakin muna jiran a kira mu. Tana ta ba ni labarin wani yaro a ajinta muna dariya ƙasa-ƙasa, sai ga mai zobe ya hawo bene. Idonsa na kan waya, bai ko dube mu ba ya shige. Amma ita ta gan shi. Dariyar ta ɗauke, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ƙafarta ta kama rawa har bencin na motsi da ni. Duk da haka ba ta ce ta fasa ba. Ta riƙe jakarta a ƙirji tana motsa baki, tana maimaita abin da za ta faɗa kamar ɗaliba a bakin ɗakin jarrabawa.

Na zauna ina kallon ƙafar nan. Ni ce na zauna a gabanta na ce mata ba wanda zai taɓa sanin ita ce, a kan haka ta buɗe mini cikinta. In ta shiga ɗakin nan ni zan fito da digiri, ita ta koma ta tarar an ba wani ajinta. Na kama hannunta muka bi ta matakalar baya. Tana ta cewa in bari, ta zo ke nan, ina ta cewa na gode. Na tsayar mata da mota na sa ta a ciki. Da motar ta tashi na ga ta saki ajiyar zuciya, ta kuma yi saurin juya kai don kada in gani.

Na hau ni kaɗai na ce ba ni da shaida. Ka yafe mini, Baban yara.

Hukunci ya fito. Ba su kama ni da laifi ba, ba su kuma wanke ni ba. Sun ce zargi bai tabbata ba, amma bayanan da ba za a iya dubawa ba ba za su tsaya a kundin digiri ba, a cire babin gaba ɗaya. Babin nan kuwa shi ne kundin, saura duk gabatarwa ce. Sun ba ni zuwa ƙarshen zango mai zuwa in sake hirarrakin, wannan karon in adana muryoyin, in kuma shaida wa kowa cewa kwamiti na iya saurara. In zangon ya ƙare ban miƙa ba, wa'adin karatuna ya cika, a cire sunana. An mayar mini da katina. Mai tsaron ƙofar ɗakin karatu har miƙewa ya yi da ya gan ni.

Tsugune ba ta ƙare ba ke nan. Zan gwada, don kada ka ce ban gwada ba. Ka ce wa Inna an ƙara mini wani aiki ne, ba ƙarya ka yi ba. Ina gaida yara ɗaya bayan ɗaya.

Taka,
Maman yara

*

Baban yara,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da yara. Ka yi haƙuri da shirun da na yi, a waya ma na san ka ji ina gajarta magana. Yawo nake yi, makaranta zuwa makaranta, in dawo ƙafafu a kumbure in kwanta da kayan jikina.

Na sake hirarrakin. Yawancin malaman da na karanta musu sabon sharaɗin haƙuri suka ba ni, ko suka ce in dawo gobe, goben da ba ta zuwa. Wasu kuma sun yarda, don kunyata ko don tausayi. Sai na kunna rikoda, mutum ya gyara murya ya ce a makarantarsu kowa guminsa yake ci, ba a taɓa cewa ya taɓa makin kowa ba. Wani malami da a karon farko har idonsa ya kawo ruwa yana ba ni labarin yadda aka sa ya ɗaga wani yaro sama da wadda ta fi kowa ƙoƙari, yanzu cewa ya yi shi dai yana jin ana faɗa a gari, amma bai taɓa gani ba. Yana faɗa yana kallon rikodar, ba ni ba.

Malamar lissafi ma ta ce lallai sai na zo, wai ko da wannan ta taimaka. Mun zauna a ɗakinta, mijin na kwance a bayan labule yana tari. Ta yabi makaranta, ta yabi mai makaranta, ta ce gaskiya da riƙon amana su ne takensu. Muryarta tar, babu in'ina ko ɗaya. Da na kashe rikodar ta riƙe hannuna da hannu biyu ta ce, "Yaya, kin dai san komai." Na ce na sani. Na ɗauki rikodata na yi mata sallama.

Yanzu ina da muryoyi, Baban yara, cike da rikoda. Na kwafe su yadda suka fito, har tari da gyaran murya ban cire ba, kowa da bakinsa daban. Duk mai shakka ya zo ya saurara. Babu ta inda doka za ta kama ni, kuma babu gaskiya a ciki ko ta ƙwayar zarra.

Na kai wa Farfesa. Ya saurara, ya ce to ai shi ke nan, in rubuta abin da bayanai suka nuna, ba aikina ba ne in shiga zuciyar mutane. Na ce in rubuta cewa tsoro ne ya sa suka faɗi haka? Ya ce da wace hujja, tunda an hana ni ko ambaton na farkon. Ya ce in karɓi digirin tukuna, gaskiya ba ta ruɓewa, in na zama wata na faɗe ta. Don Allah ya faɗa, na sani. Na dawo na zauna na fara. Na kai inda zan rubuta cewa bincike bai gano ana matsa wa malamai su ƙara maki ba, hannuna ya tsaya. Kundin nan ɗakin karatu za a kai shi da sunana a bango. Gobe in wata malama ta yi ƙarfin hali ta yi ƙorafi, shi za a ɗauko a buɗe mata a ce ga abin da masana suka gano. An zarge ni da ƙarya lokacin da na faɗi gaskiya, yanzu kuma ga ƙarya da shaidunta an ce in sa hannu a ba ni digiri.

Na kasa. Ba jarumta ba ce, kada ka ɗauke ni wata waliyyiya. Na yi ta zama gaban shafin nan ina lallashin kaina da fuskarka da ta yara, hannun ya ƙi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Zango ya zo ƙarshe, ban miƙa komai ba, kuma ba zan miƙa ba. Na mayar da littattafan ɗakin karatu, na ba da makullin ofis, na ɗaure kayana.

Abin da ya fi ci mini rai kai ne. Ka yi uwa ka yi uba, ka rufe shago ka je taron iyaye, ka sha ba'ar abokai ka shanye, duk don ranar da ba za ta zo ba. Ba ni da abin da zan ce maka sai Allah ya biya ka. In ka yi fushi ka yi, haƙƙinka ne, amma ka bari in iso ka yi a gabana, na gaji da jin komai daga nesa.

Motar safe zan biyo ranar Asabar. Ka zo tasha da kanka, littattafan da nauyi. Kuma don Allah ka zaunar da Inna da yara ka gaya musu kafin in iso. Kada Inna ta tare ni a ƙofar gida da guɗa, ba zan iya ɗauka ba.

Sai na zo. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Matarka,
Maman yara